Kafin Hunturu Ya Shigo: Yadda Ake Zaɓen Jaket da Jera Tufafin Sanyi

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin masu aikin sa kai a sashen tara tufafi ya yi wa jama'a bayan sallar La'asar, a taron shirin hunturu da aka yi a Bronx. Mun buga shi yadda ya faɗa, don waɗanda ba su samu zuwa ba, da kuma iyayenmu da ke gida.



Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Malam Liman, shugabannin al'umma, iyayenmu alhazai da hajiyoyi, yayyena da ƙannena, ina gaishe ku da fatan kun zo lafiya.

Ku yi mini afuwa, tsayuwa gaban manya ba sabona ba ne. Ni ɗan kasuwa ne. Karatuna a sakandare ya tsaya, daga nan na bi kawuna kasuwa a Kumasi muna kwance dilar gwanjo. Na zo ƙasar nan ma ban canza sana'a ba. Fiye da shekara talatin ke nan hannuna yana cikin tufafi, shi ya sa 'yan kwamiti suka ce in tashi in faɗi abin da na sani a kan rigar sanyi. In na yi daidai daga Allah ne, in na yi kuskure a gyara mini.

Bari in fara da wautar da na yi da kaina. A watan Janairu na fara sauka New York. Kafin in taso na zaɓi jaket ɗin fata mafi kyau a cikin dila, baƙi, yana ƙyalli. Na sa singileti biyu, na ɗora shadda, na ɗora jaket ɗin. Da jirgi ya kusa sauka matuƙi ya ce a waje digiri 28 ne. Na ce a raina, ashe duk tsoratarwa ce ake yi mana, ai wannan Kumasi ce da hantsi. Da ƙofar filin jirgi ta buɗe iska ta mare ni, sai da hawaye suka zubo mini. Kafin mu kai wajen mota na kasa riƙe jakata.

Abin da ban sani ba shi ne ma'aunin Amurka daban yake da namu. Mu Salshiyos muka saba da shi, su kuwa Farenhait suke ƙirgawa. Digiri 32 nasu shi ne sifili namu, inda ruwa ke daskarewa. Ga dabarar 'yan kasuwa: abin da wayarka ta nuna, cire 30, ka raba saura gida biyu, za ka samu kusa da lissafin gida. In ta ce 50, kusan 10 ke nan. In ta ce 30, kana bakin ƙanƙara. Duk wanda ya karɓi baƙo, wannan ya zama karatun farko da zai yi masa.

Na ga kuna dariya, ni ma yau dariya nake yi. Amma sanyin ƙasashen nan yana cin gaɓa, yana cin rai. A daren 24 ga Disamba 2016 wasu 'yan Ghana biyu suka taka da ƙafa daga Amurka za su shiga Kanada ta wajen garin Emerson a lardin Manitoba. Sa'o'i suka yi cikin dusar ƙanƙara da tufafin da ba su isa ba, har Allah ya kawo wani direban babbar mota ya tsaya musu. Sun rayu, amma likitoci sun yanke musu kusan duk yatsun hannu. Bayan wata biyar, a ƙarshen Mayu 2017, aka tsinci gawar wata baiwar Allah 'yar Ghana kusa da wannan iyakar, ta ɓangaren Minnesota, sanyi ne ya zama ajalinta. Ku lura, watan Mayu, lokacin da kowa ke cewa hunturu ya wuce. Allah ya kyauta.

To, ga tushen maganar, in kun riƙe shi sauran duk mai sauƙi ne. Riga ba ta yin zafi. Jikinka ne murhu, riga kuwa kamar kular abinci take. Hajiya in ta zuba tuwo a kula, kular ba ta dafa komai, tana dai hana zafin gudu. Abin da ke riƙe zafin kuma iska ce da ta maƙale a tsakanin zare da zare, da tsakanin riga da riga. Shi ya sa riguna uku marasa nauyi da aka jera bisa tsari suka fi ƙaton kwat guda da aka ɗora a kan singileti. Kuma shi ya sa abu biyu ke karya wannan kula: ruwa da iska mai kaɗawa. Ruwa yana janye zafin jiki fiye da busasshiyar iska wajen sau 25. Ruwan nan kuma ba sai na sama ba, guminka ma ruwa ne.

Riga ta farko ita ce mai taɓa fata. Aikinta ta ɗauke gumi daga jikinka ta miƙa shi waje. A nan ne mutanenmu suka fi faɗuwa, domin mu 'yan auduga ne. Singiletinmu auduga, jallabiyarmu auduga, atamfar iyayenmu mata auduga. A Nima ko Aboabo auduga rahama ce, tana shan gumi ta sanyaya jiki. Wannan halin nata shi ne ya zama illa a nan: ta sha gumi ta riƙe, ta manne a bayanka kamar jiƙaƙƙen tawul. Ka gudu ka kama jirgin ƙasa, ka yi gumi a cikin tarago mai ɗumi, ka fito ka tsaya jiran bas, to nan za ta nuna maka halinta. Ku nemi abin da muke kira tamal a kasuwa, riga da wando masu kama jiki, na zaren poliyesta ko na ulun tumakin merino. Na poliyesta ya fi araha kuma ya fi saurin bushewa, sai dai yana riƙe wari, yana son wanki a kai a kai. Na merino ya fi tsada, ba ya saurin wari, kuma ko ya ɗan jiƙe yana riƙe ɗumi. A sa yaro ya karanta ƙaramar takardar da ke wuyan rigar. In ta ce auduga ce zalla, a bar ta don zaman ɗaki.

Riga ta biyu ita ce mai tara ɗumi. Suwaitar ulu, ko rigar filis mai laushin nan kamar bargo, ko ƙaramin jaket mai ɗan kumburi. Wannan ce ake ƙarawa ko a rage gwargwadon ranar. Ni na fi son mai zif tun daga wuya har ƙasa, saboda in ka shiga shago ko masallaci sai ka zuge ka sha iska ba sai ka tuɓe ba. Kada ta matse ka. Rigar da ta matse ta kori iskar da ake so ta maƙale, ta kuma takura jini. Filis yana da aibi guda: iska tana ratsa shi kamar rariya. Shi kaɗai a ranar da ake kaɗawa ba ya tsare kowa.

Shi ya kawo mu ga ta uku, ta waje, wadda ke tare iska da ruwa da dusar ƙanƙara. A nan kuɗi ke tafiya, don haka bari in ɗan daɗe.

Jaket masu kumburi iri biyu ne. Akwai wanda aka cusa wa lallausan gashin ƙirjin agwagwa ko dinya, wanda ake kira dawun. Babu abin da ya kai shi ɗumi in aka gwada da rashin nauyinsa. Za ku ga lamba a hannunsa ko a takardarsa, 550, 650, 800. Lambar tana nuna yadda gashin ke kumbura, ba yawan gashin da aka zuba ba. Saboda haka siririn jaket mai 800 zai iya kasa kai kauri mai 600 ɗumi. Kada lamba ta ruɗe ku, ku taɓa kaurinsa. Aibin dawun shi ne in ya jiƙe sai ya dunƙule kamar kazar da ruwa ya doka, ɗumin ya tafi, kuma yana daɗewa bai bushe ba. Iri na biyu an cusa masa zaren roba, irin su PrimaLoft da Thinsulate. Ya ɗan fi nauyi, ya fi araha, ko ya jiƙe yana riƙe wani abu na ɗumi, kuma ba ya wahalar wanki. Wanda ke zaune inda sanyi ke da tsanani amma a bushe, kamar Minnesota ko tsakiyar Kanada, dawun ya fi masa. 'Yan uwanmu na London da Manchester da Hamburg, inda yayyafi ba ya ƙarewa, zaren roba ko jaket mai hana ruwa ya fi musu. Mu a New York muna samun duka biyun, don haka duk wanda za ka saya ka tabbata bayansa yana tare ruwa.

A kan tare ruwa ma akwai tarko. Wani jaket an rubuta yana jure yayyafi kawai, wani an rubuta yana hana ruwa gaba ɗaya, kuma kalmomin biyu sun yi kama da juna a Turanci. Hanyar ganewa: juya cikinsa ka duba ɗinki. Mai hana ruwa na gaskiya za ka ga an bi kan ɗinkin da wani siririn tef an manne, don ruwa ta ramin allura yake shiga. Masu kyau irin su Gore-Tex suna hana ruwan sama shiga, suna kuma barin tururin gumi ya fita. Rigar leda zalla tana hana ruwa, amma za ka jiƙe daga ciki da guminka.

In ka je saye, ka je sanye da suwaitarka, ka gwada a kanta. Ɗaga hannuwanka sama kamar mai kabbara, ka ƙara miƙa su. In cikinka ya buɗe ko wuyan hannunka ya fito, ya yi maka kaɗan. Sunkuya kamar mai ruku'u, ka ji ko bayanka ya tsiraita. Jaket na gari yana sauka ya rufe mazaunai. Ja zif ɗin sama da ƙasa sau uku, ka ga ko yana kai wa haɓa, ko akwai murfi a kansa da ke tare iska. Duba hular da ke haɗe da shi, tana da igiyar tsukewa? Bakin hannu yana kama wuyan hannu? In gwanjo ne, ɗaga shi wajen haske: inda ka ga haske na ratsowa, gashin wurin ya gudu. Matsa shi a hannu ka saki, mai rai zai tashi nan da nan, wanda ya mutu zai kwanta yadda ka bar shi.

Samari, ku saurare ni. Na ga yaro ya yi wata biyu yana tara kuɗi ya sayi jaket saboda tambarin da ke hannunsa, alhali ba shi da tamal, ba shi da safar hannu, ƙafarsa cikin takalmin ƙwallo. Sanyi bai iya karatu ba, ba ya duba tambari. Raba kuɗin nan gida huɗu: rigunan ciki, suwaita, jaket, sai takalmi da safa. Shagunan gwanjo irin su Goodwill suna da kaya masu kyau in ka iya dubawa. Sabo kuma ya fi araha a ƙarshen Nuwamba lokacin rangwame, da watan Fabrairu zuwa Maris in shaguna suna kwashe kayan hunturu. Mai dabara a Maris yake sayen rigar baɗi. Amma kuma kada a gudu daga tsada a faɗa wa banza, domin araha ba ta ado. Jaket ɗin fata irin nawa na farko, da na jins, da rigar nan ta auduga mai hula da yara ke so, duk na kaka ne da bazara.

Yanzu gaɓoɓi. In sanyi ya matsa, jiki yana janye jini daga yatsu da kunne da hanci don ya tsare zuciya, shi ya sa su ne ke fara mutuwa. Hukumar yanayi ta Kanada tana gargaɗi cewa in sanyi haɗe da iska ya kai 28 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe za ta iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Hular sallarmu ado ce, ba ta rufe kunne. A sa hular ulu, a bar ta sallah a aljihu har a shiga masallaci. Safar hannu mai haɗe yatsu huɗu wuri guda ta fi mai raba su ɗumi, don yatsun suna ɗumama juna. Safar ƙafa ta ulu guda mai kauri ta fi uku na auduga da aka cusa cikin matsattsen takalmi. Takalmin ya zama but mai hana ruwa, mai tsagi a ƙasa saboda santsi, kuma da sararin da yatsu za su motsa.

Iyayenmu dattawa, ku nake ji wa tsoro fiye da kowa. Jikin mai shekaru ba ya saurin jin sanyi ya shige shi. Mai ciwon suga ƙafarsa za ta iya daskarewa bai ji ba. Sanyi kuma yana tsuke jijiyoyi ya ɗaga hawan jini, shi ya sa kwashe dusar ƙanƙara da shebur ba aikin Alhaji ba ne, a bar wa jikoki. Babu mai cewa ku bar babbar riga ko jallabiya ranar Juma'a. A sa tamal riga da wando a ciki, a ɗora suwaita, a sa jallabiyar, sannan dogon kwat a sama. In an yi alwala a goge hannu da fuska da ƙafa su bushe sarai kafin a fita, kada a zura jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin safa. Maganar shafa a kan huffi tana nan a fiƙihu da sharuɗɗanta, wannan fagen Malam Liman ne, ina roƙonsa ya yi mana karatu a kai. Ku tuna kuma azumi yana komowa cikin hunturu. Na 2025 a farkon Maris ya kama, kowace shekara yana ja baya da kwana goma ko sha ɗaya, don haka shekaru masu zuwa Tarawihi da Asuba cikin tsakiyar sanyi za mu riƙa fita.

Iyayenmu mata, abaya da zane ba sa tare iska, ta ƙasa take shiga. Wandon tamal a ciki, dogon kwat mai kai wa gwiwa ko ƙasa da ita a sama, da ƙaramar hular ulu a ƙarƙashin hijabi. Sutura ta cika, ɗumi ya samu. Jariri a ƙara masa riga guda a kan abin da babba ya sa, amma kada a lulluɓe shi har ya yi gumi. In za a ɗaure yaro a kujerar mota, a cire masa jaket mai kumburi tukuna, a ɗaure bel ya kama jikinsa, sannan a rufa masa jaket ɗin ko bargo a sama. Kumburin nan yana lotsewa in an yi karo, sai bel ya zama sako-sako.

Ƙannena masu kai abinci a kan keke, ku kuna ƙirƙirar wa kanku iska ko ranar da ba a kaɗawa. Jaket da wando masu hana ruwa dole ne a gare ku, da abin rufe wuya da baki, da safar hannun nan da ake ɗaurawa a kan kan keke. Ku riƙe busasshiyar rigar ciki da safa a cikin leda, ku canza a tsakiyar aiki.

Sai maganar hawan dutse, wadda shugaban matasa ya roƙe ni in taɓa. Shekarun baya mun kai yara Bear Mountain, can arewa a bakin kogin Hudson, a ƙarshen Oktoba. Dutsen bai kai mita 400 ba. Wani yaronmu mai ƙarfi ya sa rigar auduga da jins da ƙaton jaket, ya riga kowa kai wa sama, ya jiƙe sharkaf. Muka zauna cin abinci, iska na kaɗawa. Kafin minti ashirin haƙoransa na haɗuwa, ya kasa zuge zif ɗinsa. Sai da muka cire masa jiƙaƙƙiyar rigar, na ba shi filis ɗina, muka ba shi shayi mai zafi, muka sauko da shi. Laifina ne, ni ne babba, ban duba kayansu ba kafin mu tashi.

Abin da na koya ke nan. Mai hawa yana yin zafi, mai tsayawa yana yin sanyi, don haka tufafin hawa kullum cikin cirewa da mayarwa suke. Ka fara tafiya kana jin ɗan sanyi-sanyi, da tamal da siririn filis, minti goma za ka ɗumama. Ka rage riga kafin gumi ya zo. Da ka tsaya hutawa ko sallah, ka ciro jaket mai kumburi daga jaka ka ɗora nan take, kada ka jira sai ka fara rawar ɗari. Rigar ruwa kuma ba ta barin jaka ko da gari ya waye garau. Jaket ɗin hawa ana son mara nauyi, mai zif a hammata don fitar da zafi, mai aljihu a sama inda igiyar jaka ba za ta danne ba. Kowane mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi, ga iskar sama ta fi ta ƙasa ƙarfi. Shi ya sa Kilimanjaro, mai mita 5,895, ke da ƙanƙara a kansa alhali yana kusa da tsakiyar duniya. Masu sha'awar Dutsen Washington a New Hampshire su sani a 1934 an auna iska mai gudun mil 231 a awa a kansa. Ba wurin gwaji ba ne.

Masu zuwa Umra a Disamba da Janairu, ku ma kada sunan Saudiyya ya ruɗe ku. Asubar Madina tana da sanyi da iska. Masu hawa Jabalun Nur kafin fitowar rana su riƙe ƙaramar riga a jaka, don za su isa sama da gumi.

Ga alamun haɗari, kowa ya riƙe. Zafin jikin ɗan Adam 37 ne. In ya sauka ƙasa da 35 an shiga matsala. Mutum zai yi ta makyarkyata, harshensa ya yi nauyi, ya riƙa tuntuɓe, ya rikice, barci ya riƙa fizgarsa. In makyarkyatar ta tsaya alhali bai ɗumama ba, abin ya yi tsanani. A kira 911 a nan, 999 a Ingila, 112 a sauran Turai. Kafin su zo a shigar da shi ɗaki, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe ƙirji da wuya da kai. In yana cikin hayyacinsa a ba shi abin sha mai ɗumi da suga. Yatsan da ya daskare kuwa zai mutu da ji, ya yi tauri, a fatarmu yakan yi toka-toka. Kada a murza shi, kada a kanga shi a wuta ko hita, don ba ya jin ƙuna. A sa shi a ruwa mai ɗumin jiki, a nufi asibiti.

Ba zan sauka ban taɓa cikin gida ba, don a unguwar nan mun sha kuka. A watan Maris 2007 gobara a Highbridge ta ci mutum 10 'yan asalin Mali, tara daga ciki yara. Ranar 9 ga Janairu 2022 gobarar Twin Parks ta ci mutum 17, takwas yara, akasarinsu 'yan uwanmu na Gambiya. Duka biyun daga hitar ɗaki wutar ta tashi. Allah ya jiƙansu. Wanda ya sa tamal da suwaita da safa a cikin gida bai cika buƙatar kwana da hita a kunne ba. In dole ne, a soka ta kai tsaye a bango, a nisanta ta da labule da katifa, a kashe kafin barci. Kada a ɗumama ɗaki da murhun girki ko gawayi, hayaƙinsu marar wari yana kashe mutum cikin barci. Kuma ku san haƙƙinku: a birnin New York, daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, doka ta wajabta wa mai gida ya ba da ɗumi. Da rana in waje ya sauka ƙasa da 55, ciki ya kai 68. Da dare ciki kada ya gaza 62. In bai yi ba a kira 311.

Iyayenmu na gida da za su karanta wannan, in ɗanku zai taso, ku taimake shi da abu kaɗan mai amfani. A Kantamanto da Kejetia ana samun filis da suwaitar ulu da jaket masu kyau cikin gwanjo, sau da yawa da araha tunda ba mai nemansu a can. Ya riƙe su a jakar hannu, kada ya sa a kayan awo. Kuma ku gaya masa, duk wanda ya ce ya taka iyaka da ƙafa cikin sanyi ba masoyinsa ba ne.

Na zo kan roƙonmu. Shekarun nan kun ga yadda samari daga ƙasashenmu suka yi ta isowa birnin nan, wasu da silifa. Bara akwai ranar da na tsaya a teburin rabo, kaya suka ƙare, saura mutane a layi. Wani yaro sa'an ɗana ya ce mini, "Baba, ko safa ce." Ban samu abin ba shi ba sai wadda ke jakata. Ba na son mu sake ganin wannan rana.

Daga Juma'a mai zuwa akwatunanmu suna bakin ƙofar masallaci. Abin da ya fi ƙaranci shi ne jaket na maza manya, dogayen kwat na mata, kayan yara 'yan makaranta, but, hula da safar hannu. Tamal da safar ƙafa sababbi muke roƙo. Abin da za ka kawo ya zama wanda kai ma za ka iya sawa: wankakke, zif yana aiki, ba yagewa. A sa shi a injin busarwa mai zafi na minti 30 saboda kuɗin cizo, in dai yadin yana jure zafi. Wanda ba shi da kaya ya ba da kuɗi, mu 'yan kasuwa mun san inda za mu saro da sauƙi. Wanda ba shi da ko ɗaya ya ba mu awa biyu ranar Lahadi a wajen tantancewa. Mun kuma yi alkawari ba a ɗaukar hoton mai karɓa. Wanda kunya ta hana shi zuwa, maƙwabcinsa ya faɗa mana girmansa a asirce, za mu kai masa har ɗaki.

Kowane gida kuma, yau da dare, a fito da kayan sanyin kowa a shimfiɗa a gwada, tun daga Alhaji har auta. Abin da ya yi wa yaro kaɗan a kawo mana, abin da babu a nema tun yanzu. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya suturta mu duniya da lahira, ya saka wa duk wanda ya suturta ɗan uwansa. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kai mu bazara lafiya.